An warkar da ɓera, saura mutum: ina maganin kansar da ake ta yayatawa?

Ɗan_Adar
Salamu alaikum ƴan zaure. Tambaya gare ni, musamman ga likitoci da ƴan labo da ke cikinmu. Da wuya wata ya kama ya ƙare ba a turo mana labari a WhatsApp ba, wai masana a Amurka ko Sin sun gano maganin ciwon daji, wato kansa, ƙari ya narke cikin mako uku. In ka daure ka karanta har ƙasa sai ka tarar ashe a jikin ɓera aka yi. Shekara da shekaru ke nan ana warkar da ɓeraye. Mu kuwa nan Tawa in ciwon ya kama mutum sai dai a sa shi mota a yi kilomita sama da 500 zuwa Yamai, a yi ta shimiyo, wato ƙarin ruwan maganin kansa, har suma ta zube, wani ya tashi, wani a dawo da gawarsa. To ni zargina biyu ne: ko maganin yana nan an ɓoye shi don a ci gaba da cin kuɗinmu, ko kuma binciken ɓeran nan wasa da hankali ne kawai. Wanne ne?

Boube227
Wa alaikumus salam. Na farkon ne mana, ai ba sai an tambaya ba. Ciwon da ake sayar da allurarsa guda miliyoyi, wa zai yarda ya ƙare?

Majo_Wadata
Haba Boube. Su masu kamfanonin maganin ba sa mutuwa da kansar ne, su da matansu da ɗiyansu? Steve Jobs mai kamfanin Apple kansa ce ta kashe shi a 2011, da duk dukiyar nan tasa. Sannan kansa ba ciwo ɗaya ba ce, ta fi iri 100. Ta mama daban, ta hanta daban, ta jini daban. Ko ta maman ma kashi-kashi ce, maganin da ya yi wa wannan aiki ba lalle ya taɓa waccan ba.

Labo_Harobanda
Ɗan_Adar, ba ko ɗaya cikin biyun. Bari in ba ku abin da idona ya gani lokacin da na yi staj a wani labo a Faransa.

Ɓeran da aka fi aiki da shi a wurin ba irin na rumbu ba ne. Wani ɗan ƙarami ne tsirara, ba gashi a jikinsa, fatarsa ja-ja duk ta yamutse. Cikin akwatin roba mai tace iska yake zaune, abincinsa da ruwansa da garin katakon da yake kwanciya a kai duk sai an kashe musu ƙwayoyin cuta, don garkuwar jikinsa ba cikakkiya ba ce. Da gangan ake son sa haka, saboda in ka dasa wa lafiyayyen ɓera naman mutum jikinsa ƙin karɓa zai yi. Tun 1969 wasu masana biyu a Danmak, Rygaard da Povlsen, suka nuna cewa ƙarin mutum yana girma a jikin irin wannan ɓeran.

Sai a ɗebo ƙwayoyin kansa da aka daɗe ana rainonsu a kwalba, a yi masa allurarsu ƙarƙashin fata wajen kwiɓi. Mako biyu ko uku ƙari ya taso. A raba ɓerayen gida biyu, waɗannan a ba su maganin, waɗancan ruwan gishiri. Bayan kwana bibbiyu ko uku-uku ka kamo shi ta ƙeya, ka sa ɗan ma'aunin ƙarfe ka auna tsawo da faɗin ƙarin, ka rubuta a littafi. In na masu shan magani ya tsaya ko ya ragu, an samu abin bugawa, ɗan jarida kuma ya rubuta "an gano magani".

Yanzu dubi baiwar Allahn da ake kawowa daga Buza ko Keita. Shekarunta sun kai 50, ga hawan jini, wataƙila ga ciwon hanta tun ƙuruciya, ta sha zazzaɓin cizon sauro ba adadi. Ƙarinta ya yi shekaru yana girma, ƙwayoyin cikinsa sun rarrabu iri-iri, wasu sun riga sun tafi ƙashi ko huhu. Ɓerayen can kuwa duk matasa ne, jininsu ɗaya, abincinsu ɗaya, ƙarinsu ɗan mako uku ne kuma bai je ko'ina ba. Shi ya sa cikin magungunan kansa 100 da suka tsallake dabba suka shiga gwaji kan mutane, wajen 5 ne kawai ke kaiwa ga amincewa. Wani lissafi da aka buga a 2019 ma 3.4 ya samu.

Ɗan_Adar
To ai ka ba ni gaskiya ke nan, Malam Labo. Abin da 95 cikin 100 ke faɗuwa ba wasa da hankali ba ne?

Ɗalibar_Likita
Yaya Ɗan_Adar, ka tambayi 5 ɗin da suka wuce ta ina suka bi. Ga misali guda da nake so ƙwarai. Akwai wata kansar jini da likitoci ke kira LMC. A 1960 Nowell da Hungerford a birnin Filadelfiya suka duba jinin majinyata, suka ga wani ɗan guntun kuromozom, wato zaren gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, da bai kamata ya zama haka ba. A 1973 Janet Rowley ta gano cewa na 9 da na 22 ne suka yi musayar yanki. Duk wannan daga jinin mutane aka gani. Amma tambaya ta rage: wannan lahani shi ne ke haddasa ciwon, ko kuwa ciwon ne ya haifar da shi? Ba za ka iya sa wa lafiyayyen mutum lahanin don ka gani ba. A 1990 aka sa shi a ɓargon ɓeraye, suka kamu da ciwo mai kama da na mutane. Nan aka tabbatar inda za a kai hari. Brian Druker ya fara ba majinyata maganin da ke kai hari kan lahanin, imatinib, wato Glivec, a 1998. Cikin 54 da suka sha isasshen awo, jinin 53 ya daidaita. Aka amince da shi a 2001. Ciwon da a da yake kashe mutum cikin ƴan shekaru, yau sama da 80 cikin 100 na masu shan ƙwayar suna raye bayan shekara 10. Ka cire majinyacin ba a fara ba, ka cire ɓeran ba a tabbatar ba.

Hamza_Bukoki
Ƙanwata kin zaɓo wanda ya fi kowanne kyau ne. Ki ba su labarin Judah Folkman ma. A 1998 jaridar New York Times ta sa a shafin farko cewa magungunansa masu yanke wa ƙari hanyar jini suna share kansa a ɓeraye, duniya ta ɗauka an gama. Shi da bakinsa ya ja kunnen mutane, ya ce in kana da kansa kuma kai ɓera ne, to za su iya kula da kai da kyau. Da aka kai endostatin, ɗaya cikin magungunan nasa, kan mutane abin bai taka kara ya karya ba. Kuma a 2012 masanan kamfanin Amgen sun ce sun sake gwada manyan bincike 53 na kansa da aka buga, 6 kaɗai suka samu daidai. Ba duk laifin ɓera ba ne, wani laifin na mai riƙe da ma'aunin ne, da gaggawar a buga takarda.

Ɗalibar_Likita
Gaskiya ne Yaya Hamza, amma tunanin Folkman bai mutu ba, a kan tunanin nan aka samu maganin bevacizumab a 2004. Ba ya warkarwa, yana dai ƙara wa wasu lokaci. Ga kuma James Allison: a 1996 a jikin ɓeraye masu cikakkiyar garkuwa ya nuna cewa in ka cire wa sojojin jiki wani takunkumi, su da kansu za su far wa ƙari. Maganin ya fito a 2011 don wata muguwar kansar fata, kuma kusan 1 cikin 5 na waɗanda ciwonsu ya riga ya bazu suna daɗewa raye. Ya samu kyautar Nobel a 2018 tare da Tasuku Honjo na Japan. Lura fa, da ɓeran tsiraran da Malam Labo ya kwatanta aka yi amfani da shi, da ba a ga komai ba, tun da shi ba shi da sojojin. Zaɓen dabbar ma ilimi ne.

Likitan_Bisashe_Abalak
Wannan magana ta ƙarshe ita ce tawa. Mu da muke cikin dabbobi kullum mun san awon da za ka ba saniya ba shi ne na raƙumi ba, kuma akwai maganin da kare ke sha lafiya, kyanwa ta sha ta mutu. To ina ga tsakanin ɓera da ɗan Adam.

Amma ku sani bisashe sun koya wa likitocin mutane abubuwa da yawa. A kaza Peyton Rous ya gano a 1911 cewa birus na iya haddasa ƙari, mutane suka yi biris da shi, sai 1966 aka ba shi Nobel. A 1915 wasu Japanawa biyu suka yi ta shafa kwalta a kunnen zomo har kansa ta fito. Wanda ya fi shafarmu shi ne na 1960: talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi diddigi aka tarar tunkuzar gujiya ce da aka shigo da ita daga Barazil, ta yi hunhuna. Nan aka gano gubar da ake kira afalatoksin. Abin mamaki, in ka ba babban ɓeran labo ita, hantarsa na yin kansa nan da nan. Ƙaramin ɓeran labo kuwa, in ya girma, da wuya ta yi masa komai, hantarsa na da abin da ke warware gubar. Da ƙaramin kaɗai aka gwada da an ce ba ta da illa.

MaiGujiya_Madawa
Likita tsaya, wanga zance ya taɓa ni. Ni ban yi lakwal mai nisa ba, amma da gujiya munka tashi, ita munka gada. Kenan ƙuli-ƙulin da muke ci shi ka kawo ciwon hanta? Mahaihina da ƙanensa duk ciki ya kumbura musu kahin su rasu, anka ce hanta ce.

Majo_Wadata
Allah ya jiƙansu, Baba. Ba gujiya ce ke da laifi ba, hunhunar da ke kama ta ce in ba ta bushe da kyau ba, ko an zuba ta inda akwai laima. Masara ma haka. Wadda ta yanƙwane, ta canza launi, ko take ɗaci, a tsince a zubar, kada a ce za a yi ƙuli da ita ko a ba kaji. Amma babban abin shi ne haɗuwarta da ciwon hanta na B, wanda ya yi yawa a ƙasar nan. Kuma ku lura, wannan ba a ɓera aka tabbatar da shi ba. A Shanghai aka bi maza sama da 18,000 ana auna fitsarinsu da jininsu, aka ga mai ɗauke da duka biyun haɗarinsa ya ninka na wanda ba shi da ko ɗaya kusan sau 60. Tun da mutum biyu suka tafi haka a gidanku, ku je a auna jininku, kai da ƴan'uwanka da iyalinka. Yara kuma rigakafin yana cikin allurar penta tun 2008.

Hadiza_Yantala
Ni tambayata daban ce. Halittar Allah ce fa. A sa mata ciwo da gangan, a zuba ido ƙari na girma, a ƙarshe a kashe ta. Addini ya yarda da wannan?

Malam_Zongo
Malama Hadiza, ni ba fatawa zan bayar ba, a tambayi manyanmu. Abin da na karanta dai: ya tabbata a hadisi cewa wata mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Wani mutum kuma an gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ta ɗaya gefen, ɓera yana cikin halittu biyar da aka yarda a kashe ko a cikin Harami, kuma an umarce mu da neman magani. Abin da na fahimta shi ne, halaccin kashewa ba shi ne halaccin azabtarwa ba. Wanda ya ce mu wasa wuƙa mu hutar da abin yanka ba zai yarda a wahalar da dabba don wasa ko neman suna ba. In buƙatar ta gaske ce kuma babu wata hanya, a yi da mafi ƙarancin cutarwa. Wallahu a'alam.

Labo_Harobanda
Allah ya saka da alheri, Malam. Ka faɗi kusan abin da dokar labo ta ƙunsa. Tun 1959 wasu Turawan Ingila biyu, Russell da Burch, suka shimfiɗa ƙa'ida: in akwai abin da zai maye gurbin dabba a yi da shi, in babu a rage yawansu, kuma a sassauta musu wahala. Inda na yi aiki, kafin ka taɓa ɓera guda sai kwamiti ya karanta takardarka, ka faɗi nawa kake so da dalili. Akwai girman da in ƙarin ya kai, ko ɓeran ya rame ya daina cin abinci, dole ka sa shi barcin da ba ya tashi, ko bincikenka bai ƙare ba. Ba zan ce muku abin na da daɗi ba. Ranar kashewa ba a cika hira a labo ba.

Boube227
Ku kuna tausayin ɓera. Mu fa? Kun manta Kano 1996? Mu ne ɓerayen nasu.

Hamza_Bukoki
A nan kam Boube ba zan musa maka ba. Lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada Trovan kan yara wajen 200, rabi aka ba su shi, rabi wani maganin da aka sani. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗayan. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce ciwon ne ya kashe su. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Ba maganin kansa ba ne, amma tabon da ya bari har yau in ka ce "bincike" a ƙasar Hausa sai mutane su ja baya. Su ma baƙar fatan Amurka suna da nasu: a 1951 aka yanki naman Henrietta Lacks mai kansar bakin mahaifa a Baltimore ba a tambaye ta ba, ƙwayoyinta har yau ana rainonsu a labo-labon duniya.

Ɗalibar_Likita
Sai dai ba baƙi kaɗai abin ke faɗawa ba. A 2006 a Landan aka yi wa maza 6 masu lafiya allurar wani sabon magani, TGN1412, da ake fatan zai yi aiki kan wata kansar jini. An gwada shi kan birai lafiya lau, kuma awon da aka ba mutanen ya gaza na biran sau 500. Cikin sa'o'i garkuwar jikinsu ta haukace, duka shidan suka kwanta rai a hannun Allah, ɗaya ya rasa yatsu. Daga baya aka gano wani rukunin sojojin jikin biran ba su da maƙalar da maganin ke kamawa, na mutum kuwa suna da ita. Tun daga nan ake fara ba mutum ɗaya a jira a gani kafin a ba na biyu. Dalilin matakai ke nan: na 1 mutane kaɗan don a ga awon da jiki zai ɗauka, na 2 a ga ko yana taɓa ciwon, na 3 ɗaruruwa ko dubbai a gwama shi da maganin da ake da shi.

Uwar_Biyu
Na daɗe ina karanta ku ban ce komai ba. Ni an cire mini mama guda nan Yamai, na yi shimiyo, alhamdu lillahi ina nan. Kuna ta zancen auna ƙari da ma'auni. Akwai abin da ma'auni ba ya gani. Jan ruwan nan da ake sa wa mutum a jijiya, fitsarinka ya koma ja, in ba a gaya maka ba ka ɗauka jini ne. Kwana na biyu ƙamshin miyar da kake so ita ce za ta fara tayar maka da zuciya, ruwa ma ɗanɗanon ƙarfe yake yi. Hannun da aka yi wa aiki ya kumbura, ban iya ɗaga bokiti, balle goyo. Wanda bai tambayi mai ciwon ba ba zai san wannan ba.

Ina kwance wani ɗalibi ya zo da takarda da Faransanci, tambayoyi shafi-shafi, ya ce bincike ne. Na amsa masa duka, har shekarar da na fara al'ada da yawan shayarwata. Na ce ɗana, in kun gama za ka dawo ka gaya mini abin da kuka gano? Ya ce insha Allahu. Har yau. Ni ba na tsoron bincike, da za a ce in ba da naman da aka cire a yi nazari don ɗiyana mata, wallahi da hannu biyu zan ba da. Amma a yi mini bayani da Hausa, a bar ni in yi shawara da maigida, kuma a dawo mini da labari. Yanzu dai ina kan tamoksifen, ƙwaya guda kullum.

Hadiza_Yantala
Allah ya ƙara lafiya Yaya, ya sa kaffara ne. Kin sa ni hawaye.

Farmasi_Katako
Amin. Hajiya, ƙwayar nan da kike sha ita ma tana da labarin da ya dace da zauren nan. Asalinta maganin hana ɗaukar ciki ake nema, kuma a jikin ɓeraye ta hana. Da aka ba mata sai ta yi akasin haka, ta riƙa sa su saki ƙwai. Saura kaɗan a watsar da ita, sai aka gwada ta kan mata masu kansar mama aka ga tana aiki. Ingila ta amince da ita a 1973. Ki daure kada ki tsallake, kuma in kin ga jini ba lokacinsa ba ki gaya wa likitanki.

Sani_Tudu
Duk wannan dogon Turanci. Mu muna da gwandar daji da zogale da saiwoyin da kakanni suka bari. Na ga an rubuta cewa an gwada a labo sun kashe ƙwayoyin kansa.

Labo_Harobanda
Sani, ruwan jabel ma in ka zuba a kwalbar yana kashe su tas, amma ba ka ba mara lafiya ya sha. Kashewa a kwalba shi ne matakin farko cikin matakai masu yawa. Ba raina itatuwa nake ba. Vinkiristin da ake ba yara masu kansar jini daga wata fulawar Madagaska aka samo shi. Mutane na shan ganyenta don ciwon suga, masana a Kanada suka yi wa ɓeraye allurar ruwanta, suga bai sauka ba, sai fararen ƙwayoyin jini suka zube, daga nan aka juya wajen kansa. A Harbin ta ƙasar Sin kuma, cikin shekarun 1970, daga wani haɗin gargajiya mai gubar arsenik likitoci suka lura wasu masu kansar jini na samun sauƙi. Suka tace, suka gano iri guda ce kaɗai take ji, daga baya aka koma kan ɓeraye a Faransa aka fahimci yadda take aiki. Yau wannan nau'in yana cikin waɗanda aka fi warkarwa. Abin da ke ba ni takaici shi ne matar da za ta shekara tana shafa saiwa har maman ya fashe sannan a kawo ta.

Majo_Wadata
Ina so in koma kan maganar Uwar_Biyu, don ita ce ta taɓo inda ke mana ciwo. Boube na cewa ana gwaji a kanmu. Ni damuwata a fannin kansa kusan ba a yi da mu sam. Yawancin ƙwayoyin da ke cikin kwalaben can daga jikin Turawa aka ɗebo su, yawancin masu shiga gwaji su ne. Alhali binciken Olufunmilayo Olopade a Najeriya da Senegal ya nuna matan yankinmu sun fi yawan samun nau'in kansar mama da ba ta jin irin su tamoksifen, kuma tana zuwa musu da sauran ƙuruciya. Ga wani abu: galibin mutanen Afirka ta Yamma fararen ƙwayoyin jininsu na wani rukuni sun ɗan gaza na Bature a awo, halittarsu ce haka, lafiyarsu ƙalau. In aka bi ma'aunin da aka tsara a kan wasu, sai a ce jininka ya yi ƙasa, a hana ka shiga gwaji ko a ɗaga maka ranar shimiyo. Wane ɓera ne zai gaya maka wannan?

Kuma an taɓa koyar da duniya daga gadon asibitin Afirka. Denis Burkitt a Yuganda ya lura da yara masu kumburin muƙamuƙi, ya bayyana ciwon a 1958, ya bi taswira ya ga yana bin inda zazzaɓin sauro ya yi katutu. Daga naman da ya aika Landan aka gano birus ɗin Epstein-Barr a 1964, na farko da aka danganta da kansar mutum.

Likitan_Bisashe_Abalak
Majo ƙara da tsargiya. Duk wanda ya tashi bakin kogin Isa ko gulbi ya san fitsarin jini, kuma an san tana kai wasu ga kansar mafitsara. In ka sa wa ɓera tsutsar, ba ta zuwa mafitsara yadda take yi a mutum, hanta da hanji take nufa. Ke nan ciwon namu ne, majinyatan namu ne, dabbar ma ba ta kwaikwayonsa da kyau.

Ɗalibar_Likita
Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da za mu samu namu ɗakin kiwon ɓerayen bincike a jami'a. Akwai dabarar da ake ɗaukar ɗan yankin ƙarin majinyaci kai tsaye a dasa wa ɓera, ba tsofaffin ƙwayoyin kwalba ba. Akwai kuma ta Hans Clevers na Holan, tun 2009, da ake rainon ƴan mitsi-mitsin gaɓoɓi a labo daga naman mutum, a gwada magunguna a kansu. Amurka ma a ƙarshen 2022 ta sauya doka, gwaji kan dabba bai zama tilas ba kafin a je ga mutane in akwai wata hujja mai ƙarfi.

Labo_Harobanda
Ƙanwata, ɓeran tsiraran nan in wuta ta ɗauke a watan Afrilu, injin sanyi ya tsaya, kafin la'asar kin yi asarar aikin shekara. Ni da za a ba ni kuɗin, wajen awon nama zan zuba su: a samu sakamakon biyopsi, wato awon ɗan naman da aka yanko daga ƙari, cikin kwanaki ba watanni ba, a riƙa gane nau'in kowace kansar mama kafin a rubuta magani, a samu firiza da wutar da ba ta yankewa a adana naman da izinin masu shi. Rajistar kansa ta ƙasa tana nan tun 1992, a ƙarfafa ta ta game jihohi. Gashin ƙari da na'ura ma sai 2021 aka fara shi a cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai, kafin nan sai an fita waje.

Ɗalibar_Likita
In muka ce sai komai ya daidaita, har abada mu ne masu aika nama waje, wasu su sa sunansu a takarda.

Boube227
Duk kun zagaya kun dawo kan kuɗi. Glivec ɗin da kuke yabo, nawa ne? Talakan Tawa zai iya?

Farmasi_Katako
A nan kana da rabin gaskiya. Da ya fito tsadarsa ta fi ƙarfin kusan kowa a nahiyar nan. A 2013 kotun ƙolin Indiya ta ƙi ba kamfanin Novartis haƙƙin mallakarsa a can, kamfanonin Indiya suka ci gaba da yin nasu mai rahusa. Ba a ɓoye magani, amma ana sa masa kuɗin da ya zama kamar babu shi. Irin na Allison kam har yanzu sai dai mu ji a labari.

Ɗan_Adar
Na ji bayanan kowa, na gode. Zancen ɓoyewa na ajiye rabinsa, rabin Farmasi ya riƙe mini. Na ɓera kuma har yanzu 95 ɗin nan na tsaya mini a rai. Wa ke biyan kuɗin waɗanda suka faɗi, in ba mai sayen 5 ɗin ba?

Hamza_Bukoki
Kamfanonin ma hujjar da suke kawowa ke nan in an ce sun tsawwala. Sai dai kaso mai yawa na binciken farko jami'o'i ne ke yi da kuɗin gwamnati.

MaiGujiya_Madawa
Majo, awon da kac ce, mi za ni ce musu in na tai? Kuma sai na zo Yamai?

Majo_Wadata
A'a Baba, ba sai ka zo ba. Ka je labo na asibitin gunduma ka ce awon ciwon hanta na B kake so, a takarda AgHBs ake rubutawa. Jini kaɗan ne. Masu ba da jini ma ana yi musu shi kafin a karɓa. In ya nuna akwai, kada ka tsorata kuma kada ka fara jiƙe-jiƙe, ka kai wa likita takardar, shi zai ce ko a ƙara wani awon da hoton ciki. Waɗanda ba su da shi a gidan kuma a yi musu rigakafi.